Igogin Kwamanda a Cikin Dusar Ƙanƙara

Zuwa ga jikata, Kwamanda,

Sallama, da gaisuwar kaka ga jikarsa mai taurin kai. Ina fata kina lafiya, aiki kuma da sauƙi. Mu nan lafiya lau. Uwarki tana nan tana mulkinta, ta hana ni gishiri, ta hana ni sukari, saura ta hana ni numfashi. Gwiwa ta yi sauƙi. Kunne kuwa kin san labarinsa, tun da na ba igwa aronsa a aikin soja ba ta maido mini ba. Rannan da kika kira, uwarki ta kanga mini waya a fuska, na ga bakinki yana motsi kamar na kifi, na yi ta gyaɗa kai. Har yau ban san abin da na amince da shi ba. Ki daina wahalar da kanki, takarda ta fi.

To, ga batun yaƙinmu. Taswirata tana kan teburin gindin taga, gilashi a kanta, sojojin kwali kowa a inda muka bar shi. Ina fata taki ma haka, ba ki mai da ita matattarar kofunan shayi ba. Dokarmu tana nan yadda muka kafa ta da za ki tafi: yanayin da mai rubutu ya gani ta tagarsa ranar da ya zauna rubutu, shi ne yanayin filin daga. Kowa kuma ya jefa ƙwayar ludonsa a ɗakinsa, ya faɗi abin da ta nuna. Ba mu da alƙali sai Allah.

Tun safe ake tsuga ruwa a nan. Na buɗe littafin dokoki shafin laka, na jefa ƙwaya don in ja igogina zuwa bayan gada, ta ba ni biyu. Sun kafe a caɓi. Abin da ya rage mini ke nan, gada da 'yan mutanen da ke riƙe da ita, ga naki igogin sun kusa hawa tudu. In suka hau, kika dace da rana mai haske, na san sauran.

Sai magana ɗaya, kada kuma ki yi mini kuka a kanta. Wannan ne wasana na ƙarshe. Hannu ya soma rawa, da hantsaki nake ɗaga sojojin nan, shekaranjiya na watsar da runduna guda a ƙasa, uwarki ta kwashe ta da tsintsiya ba ko gaisuwar ban girma. In an ci gada, a naɗe taswira. Kin kuma san ni, ban iya wasiƙar hira ba, ban taɓa rubuta wadda ba umarni a cikinta ba. Saboda haka ki yi yaƙin nan da kyau.

Kakanki,
Saje

*

Zuwa ga Saje, tsohona na kaina,

Na amsa sallama, ina kuma gaishe ka da jiki, da mulkin Mama. Ka bi umarninta, ta fi ka muƙami. Ni ina lafiya, sai mura da ta ɗan taɓa ni ta wuce. Aikin gidan tsofaffi yana nan yadda yake, wanka, magani, da rarrashi.

Kaka, ta sauko! Dusar ƙanƙarar da muke tsallake shafinta a littafi shekara da shekaru, yau ga ta a tagata. Na tashi na ga duniya fari fat, motocin layinmu sun zama kamar buhunan gari da aka jera. Na fita za ni aiki, ƙafata ta nutse har gwiwa, na faɗi sau biyu kafin in kai tashar bas, wata tsohuwa mai sanda ta wuce ni ko kallona ba ta yi ba. Dusar nan ba ta da ƙara, Kaka. Ko motsin mota a dusashe yake fitowa. Na ce a raina, ashe haka kake jin duniya kullum.

Igogina sun hau tudu, amma da kyar, don littafi ya ce a dusa mai zurfi kowane taku ninki biyu yake ci. Da na zo harbi sai na ga jadawalin ya rage mini ƙarfi har rabi. Na ce wannan zalunci ne. Akwai masu irin wasanmu da ke taruwa a ɗakin karatu na unguwa, na je na tambayi wani mai gemu da ke riƙe musu doka. Ya ce littafin bai zalunce ni ba. Wai harsashi in ya faɗa dusa mai laushi sai ya shige can ciki kafin ya fashe, dusar ta shanye gutsattsarin ƙarfen da ya kamata su watsu, wani ma hancinsa bai samu abu mai tauri ya daka ba, sai ya kwanta shiru. Ga shi man da ke mai da bakin igwa bayan harbi yana daskarewa, hannun soja kuma in ya taɓa ƙarfe ba safa sai ya manne. Na jefa ƙwaya, ta ba ni huɗu. A rana mai kyau da na yi maka ɓarna, yau kuwa ko hular mutanenka ba ta faɗi ba.

Maganar wasan ƙarshe kuma ban karanta ta ba. Idona ya tsallake layin. In hannu ne, Mama ta riƙa matsa maka sojojin, ai ta riga ta saba da kwashe su.

Jikarka,
Kwamanda

*

Kwamanda,

Lafiya muke, ina fata murar ba ta dawo ba. Ki rufe ƙirji, ki bar yawo ba hula.

Kai, wasiƙar nan ta yi mini daɗi! Na karanta ta na sake karantawa, har na je wurin wanzami da ita a aljihu. Ni da na ƙare ƙuruciyata a gindin igwa, ban taɓa ganin abin nan da idona ba. Laka na sani, ita ma tana haɗiye harsashi, sai dai ta yi maka amai da taɓo. Na yi musu da littafin a kan abu ɗaya. Na ɗauka a sanyi harsashi zai fi nisa, tun da iska a wanke take. Na duba jadawalin baya, ashe ni ne ban sani ba. Albarushi mai sanyi ba ya ci da ƙarfi, iskar sanyi kuma ta fi kauri, sai harbi ya faɗi kusa. To, an koya wa tsoho. Ki gaida mini mai gemun nan, ki tambaye shi ko gaskiya ne wutar bakin igwa tana baƙanta dusar da ke gabanta har abokan gaba su gane inda take. In haka ne, tudunki ba wurin ɓuya ba ne.

Amma ke ma kin yi sakaci. Haba Kwamanda! In ƙasa tana shanye miki harsashi, me ya kai ki barinsa ya taɓa ƙasa? Ki saita shi ya fashe a sama, a kan mutane, dusa ba ta da abin da za ta yi. Yana nan a littafi, shafi na gaba da wanda kika karanta. Kada ki ce na ba abokin gaba shawara. Ba na son a ci ni da rabin hankali, ba na kuma son in tsira don maharbi ya yi barci.

Nan rana ta fito, ƙasa ta sha iska. Na fitar da igwa ɗaya daga caɓi, ɗayar ta ƙi. Na ƙara wa mutanen gada buhunan yashi. Layin da idonki ya tsallake yana nan a inda yake. Soja ba ya aron hannu.

Saje

*

Tsohona,

Ka yi haƙuri da jinkiri, aiki ne ya yi mini yawa, an rage mana ma'aikata biyu. Ina lafiya ƙalau. Mama ta ce gwiwar ta sake tashi, don Allah ka riƙa shafa maganin, kada ka ajiye shi a kan taga yana kallonka.

Har yanzu dusa muke ciki, Kaka, wannan ita ce wasiƙa ta nawa ina faɗa maka abu ɗaya, na san ka gaji. Yau ma zuba take, har ba a ganin ginin da ke tsallaken titi. Na bi shawararka ta fasa harsashi a sama, amma littafi ya ce in dusa tana sauka mai hangena da ke kan tudu ba ya ganin inda harbi ke fashewa, balle ya gyara mana tsayi. Harbin makafi ke nan. Na jefa ƙwaya, sai an samu shida, ta ba ni uku. Mutanenka su ci gaba da shan shayinsu a gada. Mai gemu ya ce maganarka ta baƙin dusa gaskiya ce, ya kuma ce yana so ya ga mutumin da bai taɓa taka dusa ba amma ya hango haka.

Bari in ba ka dariya. Akwai wani tsoho a wurin aikinmu, tsohon direban jirgin ƙasa, Direba muke ce masa. Kullum bayan abincin rana sai ya fito da kati ya ce a zo a kara. In aka ci shi sai ya yi fushi ya ƙi shan magani, shi ya sa muka haɗa baki, kowa ya zauna da shi sai ya bari a cinye shi. Ka ga yadda yake dariya yana buga tebur! Bawan Allah, bai san komai ba.

Maƙwabciyata kuma ta cika barandarta da tukwanen furanni, ƙudan zuma sun mai da ɗakina hanyarsu, ina rubutun nan ina korar ɗaya da ambulan. Ka gaida wanzami.

Jikarka mai ƙaunarka

*

Jikata,

Muna lafiya.

Ni ban san dusar ƙanƙara ba, amma na san ƙudan zuma. Ba ya yawo a inda hannu ke manne wa ƙarfe, mutum kuma ba ya barin taga a buɗe. Na ce ƙila tsufa ne ke sa ni zargi, sai na ce wa uwarki ta nuna mini hotunan da kike aiko mata a waya. Ta nuna mini da murnarta, ba ta san abin da nake nema ba. Na gan ki a gindin wata bishiya mai furanni, da 'yar riga marar nauyi, ciyawa kore shar a bayanki. Na tambaye ta tun yaushe, ta ce ai an daɗe da fita sanyi a wurinku.

Na koma na karanta labarin Direba. Ban yi dariya ba. Ashe kujera kika ja mini kusa da tasa. Hannuna ne ke rawa, Kwamanda, kaina bai taɓu ba. Ni na koya miki karanta taswira tun kina hawa kan littattafai kafin ki kai tebur, ban taɓa barinki ki ci ni don in faranta miki ba, ko ranar da kika yi kuka har kika yi shaƙuwa. Girmamawar da na yi miki ke nan. Na ɗauka za ki rama mini da irinta.

Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Ba ni da umarni a wannan wasiƙa. Ban san wane fili zan yi yaƙi a kai ba, tun da wanda ke kan teburina ƙarya ta rufe shi har gwiwa.

Kakanki

*

Kaka,

Ina gaishe ka, ko da ba ka son gaisuwata yau. Lafiyata lau, in ban da kunya da ta hana ni sakat.

Gaskiya ne, dusa ta narke tuntuni. Wasiƙun farko gaskiya na faɗa, na baya ƙarya ce. Ba ni da ta cewa a kan wannan, ka yafe mini.

Amma maganar Direba, wallahi ka zalunce ni. Direba bai san sunan 'yar cikinsa ba, kai kuwa da ƙudan zuma guda ka kama ni daga wata duniya. Ta ina zan haɗa ku? Na ba ka labarin ne don ka yi dariya, ban ko tuna da abin da ni kaina nake yi ba, ka ga wautar da ta fi wannan? Ba tausayinka na ji ba. Kaina na ji wa.

Kai ka ce in an ci gada an naɗe taswira, ka kuma ce ba ka iya wasiƙar da ba umarni ba. To ni me ya rage mini? Waya ba ka ji. A ƙasan benenmu akwai jerin 'yan akwatunan ƙarfe na wasiƙu, nawa yana can ƙarshe kusa da inda ake jingine kekuna. Duk abin da ke shiga cikinsa inji ne ya buga, sai ambulan ɗinka kaɗai, da rubutunka mai karkata da kan sarkin da kullum kake mannawa a karkace. In na dawo aiki ƙafafuna sun kumbura, na wanke tsofaffin wasu na shafa musu mai, nawa tsohon yana can ban ko iya miƙa masa ruwa ba, ambulan ɗin nan nake buɗewa tun a kan matakala. Ranar da rana ta fito na zauna da ƙwaya a hannu, na duba jadawali na ga ko uku na samu gadarka ta tafi. Sai na kasa. Na ce bari in ƙara kwana ɗaya na dusa. Daga nan abin ya zarce.

Tsoro nake ji, Kaka, shi ke nan. Ina tsoron ranar da zan buɗe akwatin nan in san ba abin da zai sake zuwa daga gare ka. Ka yi mini faɗa yadda kake so, amma ka yi shi a takarda.

Jikarka

*

Saje,

Gaisuwa da fatan gwiwa ta lafa. Na jira amsa har na gaji da leƙa akwati. Mama ta ce kana lafiya, kana cin abinci, kana zama a gaban taswira amma ba ka taɓa ta, in ta yi maganata kuma sai ka zare na'urar kunnenka. Na gane. Ba haƙuri kake jira ba, harbi kake jira.

Ga abin da ke tagata yau. Sama garau, ba gajimare, ba iska, ganyen bishiyar titi ko motsi ba ya yi. An kwana biyu ba ruwa, ƙasa ta bushe ta yi tauri. Littafi ya ce a irin wannan ƙasa harsashi yana fashewa da zarar ya taɓa, gutsattsarinsa su watsu yadda suke so. Mai hangena yana ganin gada tar, har buhunan yashinka. Na juya igogina duka a kanta.

Na jefa ƙwaya a kan teburin, ta gangara ta tsaya a jikin kofi. Biyar.

Mutanen gada sun ƙare. Igwarka da ta fita daga caɓi ita ma ta tafi. Sojojina sun ƙetare ba wanda ya tare su. Na ci ka, Kaka, ci na gaskiya, karo na farko a rayuwata, ina kuma rubuta maka hawaye yana ɗiga a kan tudun taswira. Tun ina yarinya nake mafarkin wannan rana, ban san haka take ba.

Allah ya ƙara maka lafiya. Na gode da duk abin da ka koya mini.

Kwamanda

*

Zuwa ga Kwamanda,

Sallama. Ina fata kina lafiya. Mu ma lafiya, gwiwa tana nan tana halinta.

Madalla da harbi! Na bi jadawali da yatsa na ga ba kuskure. Na ɗauki hantsaki na kwashe mutanen gada ɗaya bayan ɗaya, ban bari uwarki ta taɓa su ba. Na sara musu, na sara miki. Na je na faɗa wa wanzami jikata ta ci ni da yaƙi, ya ce in yi haƙuri, na ce kai ba ka san komai ba. Rabon da in ji daɗi irin na ranar nan har na manta. Taswira na naɗe ta, maganata ba ta canza ba.

Maganar Direba na janye. Na karanta miki abin da ba ki rubuta ba, tsoho ne da zuciya a kusa. Ƙaryar dusa kuma na yafe, kada a ƙara.

Shirun da na yi, farkonsa fushi ne, ƙarshensa kuwa ba fushi ba ne. Tun da wasiƙarki ta akwatin ƙarfe ta zo nake zama da biro, in rubuta sallama, in tsaya. Ban san me mutane ke sawa bayan sallama ba in ba su da runduna. Na yaga takardu har uwarki ta ɓoye sauran. Ni ma ina da abin da ban faɗa miki ba. Mutanen gidan nan in suna magana, kamar daga ƙarƙashin ruwa nake jinsu. Amma in na buɗe wasiƙarki, muryarki nake ji sak, da tsiwarta da komai. Ita kaɗai ce muryar da ta rage mini da ƙarfinta. Da na ce wasan ƙarshe, hannuna kawai na duba, ban lissafa da wannan ba.

To ga labari. Famfon tsakar gida yana ɗiga, mai gyara ya zo sau biyu, yanzu ya fi da ɗiga. Wanzami ya sayi sabuwar kujera mai juyawa, na hau ta juya da ni, ban ji daɗinta ba. Wata kyanwa ta haihu a bayan tankin ruwa, uwarki ta ce a kore ta, ni kuma ina kai mata madara a ɓoye, kada ki faɗa. Teburin gindin taga ya zama fili, rana tana sauka a kansa da hantsi, ban san akwai tabon tawada a tsakiyarsa ba sai yanzu.

Ban sani ba ko irin wannan ake rubutawa. In ba shi ba ne, ki faɗa mini in gyara a ta gaba.

Kakanki,
Saje